Zuwa Ga Ummi, Wadda Ta Riga Ni Fita

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi 'yata, ina gaishe ki, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Allah Ya tsare min ke a Zariya, Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya sa karatun jinyar da kika je yi ya amfane ki, ya amfani jama'a. Babanku yana gaishe ki. Labarin gida da na gona ki ji shi a bakinsa ta waya, shi ya iya wannan. Ni kin san ni, in aka kara min waya a kunne, daga "lafiya lau" sai "Allah Ya yi albarka". Abin da ke raina ba ya fita ta nan, shi ya sa na nemi biro. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya daɗe bai riƙe ba.

Zan fara da abin da ba a son ji daga bakin uwa. Ranar da kika tafi, da na tsaya a ƙofar gida ina kallonki kina shiga mota, innarki Hanne tana gyara miki zaman jaka, kowa ya ɗauka hawayen rabuwa nake yi. Akwai na rabuwa a ciki. Amma mafi yawansa ƙyashi ne. Na yi ƙyashinki da kika shiga motar nan kamar mai shiga ɗakinta. Na yi ƙyashin Hanne, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, don ita ce za ta ga inda za ki kwana, ita za ta shimfiɗa miki zanin gado, ita ƙawayenki za su durƙusa su gaisar a matsayin uwarki. Ciwo ɗaya muka yi ni da ke. Ke kin fito daga cikinsa da ƙuruciyarki a hannu, ni kuwa sai da ya cinye min shekarun ƙarfina. Ina murna, Allah shaida ne. Ina kuma jin zafi. Dukkansu biyun gaskiya ne, kuma gara ki ji daga gare ni da ki tsinta a fuskata.

Ba ki san ni a da ba. Kin buɗi ido kin gan ni a kan tabarma a ƙofar ɗaki, kin ɗauka haka aka halicce ni. A da ni dillaliyar atamfa ce. Ina shiga Kano in saro kaya a kasuwar Kwari, in dawo in bi gidaje da ƙullina, daga garin nan har ƙauyukan wajen Bagwai. In damina ce in ratsa ta cikin gero da dawa a ƙafa, raɓa tana jiƙa min gefen zani. Uwar amarya ba ta haɗa kayan 'yarta sai ta jira ni. Babu direban da ban sani ba a tashar Bici, kuma ba ni da tsoron kowa.

Wata rana ina cikin bas za mu shiga Kano, ke kina goye, hanya ta cushe, ga zafi, an matse mu a kujerar baya. Ba wanda ya yi min komai. Kawai sai na ji zuciyata tana bugawa kamar za ta fasa ƙirji, numfashi ya ƙi shiga, hannuwana suka mutu, gumi ya wanke ni. Na tabbata ajali ne. Na yi kalmar shahada, na ce wa direba ya tsaya, na tsallake mutane na sauka. A gindin wani shago na zauna, mai shagon ya ba ni ruwa. Kafin in shanye abin ya wuce, kamar ba a yi ba. Kin san yadda yake, ba sai na zana miki ba.

Kuskurena na farko ba saukar da na yi ba ne. Ran nan kowa zai sauka. Kuskuren shi ne da na tsallaka titi na hau motar gida, kuma da mako ya zagayo na ce bari in huta tukuna. Hutun nan shi ne ya kashe ni. Na daina Kano, na ce Bici ta ishe ni. Sai abin ya kama ni a tsakiyar kasuwar Bici, na daina ta. Sai gidan biki, sai gidan suna, sai lungunmu. Duk inda ya taɓa kama ni sai in bar masa wurin, shi kuma ya biyo ni zuwa na gaba. Kafin a yaye ƙanwarki, zauren gidan nan ya zama min bakin duniya. Don haka ki ji ni: in ya zo miki a aji, ko a mota, ko a ɗakin marasa lafiya, in za ki iya ki zauna har ya hau ya sauka, ki zauna. In kin kasa kin fita, ba laifi, amma gobe ki koma wurin nan. Kada ki bari ya kwana biyu yana ganin wurin nasa ne.

Babanku bai zauna ba, Allah Ya saka masa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. An auna jinina an ce lafiya lau. Da aka rasa sunan da za a ba abin, sai mutane suka ba shi nasu. Na ji da kunnena wata tsohuwa tana ce wa surukarta a tsakar gidan nan, "Ki dubi Rabi. Mace ke nan. Ta ajiye yawo ta kama gidan mijinta, ko ƙofa ba ta leƙawa." Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo. Alhali a ranar, da na ji guɗar kai amarya ta wuce ta bayan katanga, sai da na ciji gefen mayafina. Ina gane muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya, matan da nake gaba suna bina, yanzu su ne a waje ni ce a ciki. In sun dawo sun biyo da labari sai in ce kaina ke ciwo.

Wannan shi ne kuskurena na biyu. Na karɓi yabo na lulluɓe ciwo da shi, don ya fi daɗin ɗauka. Da namiji ne ya daina fita, da gari ya tashi tsaye a kansa tun makon farko. Ni da yake mace ce, sai aka sa min albarka aka bar ni. Ke kada ki yarda a yi miki haka. In kika ga kin fara ƙin fita, ƙawayenki suna cewa Ummi ustaziya ce, Ummi ba ta son hayaniya, ki tsaya ki tambayi kanki tsakani da Allah: ba na so ne, ko tsoro nake ji? Ki zaɓi mutum ɗaya a ɗakinku, mai hankali, ki gaya mata sunan abin da yadda yake zuwa miki. Ba sai duniya ta sani ba. Amma mutum ɗaya dole ne.

Sai maganar Hanne. Da na ga masu jirana sun fara gajiya, ni da kaina na kira ta na ce ta riƙe min sana'ar kafin in warware. Na gaya mata shagunan da ake samun mai kyau, na gaya mata gidajen da ake shiga da waɗanda ake wucewa. Ta riƙe da amana, Allah kuma Ya sa mata albarka. Abin da na kasa ɗauka ke nan. Duk ranar da ta dawo daga Kano sai ta biyo ta nan, ƙafarta da ƙura, bakinta cike da labari, an yi sabuwar gada, an faɗaɗa titi, wane yana gaishe ni. Ina kallon ƙurar ƙafar nan tata kamar zinariya. Har zuciyata ta fara raya min ko ita ce ta yi min wani abu don ta gaje wurina.

Wata sallah ta kawo min atamfa mai ruwan goro, irin wadda ta san ina so. Na ɗaga na duba na ajiye, na ce, "In ɗaura in je ina? Ko zuwa kika yi ki nuna min kin yi arziki da hanyata?"

Ta gyara ninkin atamfar. Sannan ta ce, "Yaya, da za ki miƙe yau, wallahi da na koma bin ki a baya ina ɗaukar miki ƙulli, kuma da ya fi min daɗi." Ta bar atamfar ta tafi. Mako na zagayowa ta dawo kamar ban ce komai ba.

Da kakanku Baffa ya kwanta ciwon ajali, babanku ya kawo babur har bakin zaure. Na sa hijabi, na sa takalmi, na zo na dafa ƙyaure. Ina ganin babur ɗin, ga shi nan kusa. Ƙafata ta ƙi. Babanku ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kashe babur ya zauna jira har la'asar. Ban je ba. Hanne ce ta yi jinyarsa, a hannunta ya cika. Bayan an share makoki ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Ya ce a gaya miki ya san ba ƙin zuwa kika yi ba." Saƙon da ya kamata ya sanyaya min rai ke nan. Amma abin da na ji shi ne, kunnenta ne ya ji muryarsa ta ƙarshe, ba nawa ba. Na juya mata baya.

Ummi, ciwon nan ba tsoro kaɗai yake kawowa ba. Yana zuwa da ƙyashin masu lafiya, kuma wanda ya fi kusa da ke shi yake fara ci, don shi ne kullum a gabanki. Za ki haɗu da 'yan mata da ba su taɓa sanin faɗuwar gaba ba, suna shiga ko'ina suna dariya. Za ki ji haushinsu. In kin ji, ki kira abin da sunansa a zuciyarki, ki nemi tsarin Allah, ki riƙe bakinki har ya wuce. Kada ki zage wadda ta kawo miki alheri. Ba kowa ba ne Hanne, wata in ta tafi ba za ta dawo ba.

Abin da ya faru a shekararki ta ƙarshe a sakandare kin fi ni saninsa, amma ba ki san yadda na gan shi ba. Da aka kawo ki daga makaranta kina rawar jiki, kina cewa za ki mutu, ban tambayi kowa ba, na gane shi kamar yadda ake gane takun mai gida. Kika kwana biyu kika ce ba za ki koma ba. Me na ce miki? Na ce, "Zauna abinki, karatun ya isa haka. Ga ni, ga ki." Na ɗauka tausayi ne. Makonnin nan da muka yi tare a tabarma muna ɓarar gyaɗa, rabon da in ji daɗi irin nasu har na manta. Na samu abokiyar zama. Na samu wadda ita ma in ta ji guɗa a waje sai ta yi shiru. Ban taɓa roƙon Allah Ya bar ki a haka ba, amma ban matsa da roƙon Ya fitar da ke ba.

Hanne ce ta shigo ta same mu, ta tsaya a kanmu ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Yaya, ɗaya ta ishe mu. Na ji akwai likitar irin wannan a Kano. Gobe zan kai ta."

Na ce, "'Yata ce ko taki?"

Ta ce, "Taki ce. Shi ya sa ba na so ta ƙare a tabarmar nan."

Babanku ya goyi bayanta. Na yi kwanaki ba na yi musu magana su biyun.

Kika dawo da magani da sunan ciwo. Kika ce likita ta ce ciwon firgici ne, ba iska ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba ya kisa. Jiki ne yake buga gangar haɗari alhali babu haɗarin. Ta ce ki riƙa fita kaɗan-kaɗan, ki tsaya a inda kike tsoro har tsoron ya gaji. Kullum kina dawowa da albishir. "Umma, yau na kai bakin titi." "Umma, yau na hau mota zuwa Bici na dawo." Ni kuma in ce "to, madalla", in ci gaba da tankaɗe. Kin sha tsayawa kina jiran in ƙara wani abu. Na gan ki. Abin da ya toshe min baki shi ne, ashe abin yana da suna, ashe yana da magani, ashe cikin 'yan watanni ake miƙewa, ni kuwa na ba shi shekaru, na ba shi sana'ata, na ba shi ganin mahaifina. Duk nasarar da kika kawo sai ta auna min abin da na rasa. Yanzu ga abin da ban faɗa ba a lokacin: kin yi jarumta, kuma ban taɓa ganin mai ƙarfin zuciya irinki ba.

Darasin nan ki riƙe shi don aikin da za ki yi. In mai son ki ya ce ki zauna ki huta, ki duba ko hutun naki yake so ko zamanki kusa da shi, ko da ni ce. In na kira ki wata rana na ce makarantar nan ta yi nisa, ki dawo gida, ki gaishe ni da ladabi ki ƙi.

Ke ce kika kara min wayar likitar nan a kunne ba tare da kin yi shawara da ni ba. Na so in ƙi magana, sai na ji ta ce, "Hajiya, Ummi ta ce ke kika fara gane ciwonta. Ki ba ni labarin naki." Ba wanda ya taɓa cewa in ba shi labarin. Daga nan muka fara, ni da ke, daga zaure zuwa gindin darbejiyar ƙofar gida, daga nan zuwa famfo. Ranar da aka kai ni wurinta a Kano, ke a dama Hanne a hagu, idona a rufe tun daga gida har asibiti, ina jin kuna hira a kaina kamar ba komai. Har wannan sai da na yi ƙyashi.

Kuskurena na ƙarshe kuma kin gani da idonki, amma ba ki san dalili ba. Da na ji likita ta rage miki magani, sai na ce ni ma ai na warke. Na daina sha ban gaya wa kowa ba. Aka tashi bikin 'yar ƙanin babanku a Dawakin Tofa, na ce da ni za a je, a babbar mota, cikin mata. Kika ce, "Umma, ba mu kai nan ba tukuna." Na ce ni na haife ki. Tsere nake yi da ke, ke ba ki ma san ana tsere ba. A tsakiyar taro ya kama ni, aka fito da ni a riƙe, gyalena a hannun wata. Daminar nan gaba ɗaya a ɗaki na yi ta, sai da muka koma daga zaure. Saboda haka maganinki kada ki taɓa shi, ƙari ko ragi, sai da bakin likita. Ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma, ki riƙe maganinki, ba sa faɗa da juna. Kuma kada ki auna tafiyarki da ta kowa. In ya dawo miki bayan kin ɗauka ya tafi, ba komawa farko kika yi ba, kin riga kin san hanya.

Kada ki damu da ni. Ina fita. Ina zuwa famfo ni kaɗai. Na je suna a unguwar gabas, na zauna kusa da ƙofa, na ci tuwo, har na yi wa mai jego tsiya. Hanne ta kawo min atamfa 'yan kaɗan, ina zagayawa da su gidajen kusa. Ranar kasuwa babanku ya kai ni Bici a babur, na tsaya a bakin kasuwa wajen masu tumatir. Abin ya taso, na ce masa na gan ka, na ci gaba da taya tumatir da hannu yana rawa. Mai tumatir ya ɗauka tsadar ce ta girgiza ni, har ya yi min ragi. Ciki ban shiga ba tukuna. Tsohuwar nan mai yabona ta ce wai na fara lalacewa da tsufa. Na ce mata amin.

Saura roƙo ɗaya, kuma don shi na rubuta duk wannan. Shekaranjiya da kika kira, kin fara ba ni labarin yadda kuka shiga gari da 'yan ɗakinku sayen bokiti, kuka ɓata, kuka hau motar da ba taku ba. Kina dariya har numfashinki yana sarƙewa. Sai kika tsaya cak, kika ce, "Ba wani abu ba ne dai, Umma. Ya jikin?" Na san abin da kika tuna. Kin tuna fuskata in ana labarin waje.

Kada ki ƙara yi min haka. Kada ki rage min labari don tausayi. Ki gaya min faɗin titin, da kalar motocin, da abin da kuka ci a hanya, da wanda ya yi muku kwatance. Zan ji ƙyashi, ba zan ɓoye miki ba, wataƙila in ajiye wayar in yi hawaye. Amma na lura da wani abu a kaina. Da can in na ji ƙyashi sai in juya baya. Yanzu in na ji shi, sai in ga na nemi hijabina. Washegarin wayar nan taki na wuce famfo, na wuce makarantar allo, na kai har bakin titi, inda ban taɓa kaiwa ni kaɗai ba tun da ciwon nan ya same ni. Na tsaya ina kallon motocin da suke yin kudu, ina jin haushinki, ina sa miki albarka. In kin kira ran Juma'a, ki ɗauko labarin bokitin nan daga inda kika yanke.

Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya sanyaya miki zuciya duk lokacin da ta tashi, Ya raba ki da sharrin mai hassada, na nesa da na kusa. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo min da ke lafiya.

Wassalam.

Ummanki,
Rabi